Kasuwar Gwaggo a Cikin Kwalin Shayi

Gwaggona, ƙanwar babanmu, tana da kasuwar dabbobi a cikin kwalin shayi. Ta yanke gabansa, ta tsattsaga ƙasansa. Shanu da raƙuma na laka ne, mutane na tsumma, kowanne an soke shi da siririn karan gero da ya leƙo ta ƙasa. Takan ɗora kwalin a kan turmi biyu, ta zauna a baya, ta zura hannu ta kama karan, sai kasuwar Dakoro ta ci a tsakar gidanmu.

Bayan la'asar muke taruwa. Dillali mai ƙaton rawani ya rantse saniyar nan ba ta taɓa tari ba, saniya kuwa ta sarƙe da tari nan take. Makiyayi ya ce albarka, ya yi fushi har bakin kwali, ya dawo. Duk muryoyin daga bakinta suke fita. Wanda ya yi wauta a gidan ranar, zai ji maganarsa a bakin bunsuru. Babanmu ma bai tsira ba.

Da talabijin ta shigo unguwa muka watse, salula ta zo ta ƙarasa mu. Kwali ya koma ƙarƙashin gado shekara da shekaru, idon gwaggo kuma ya fara dushewa.

Bara waccan ɗan wana ya dawo daga Yamai da tabarau da sabon zance, wai za a raya al'ada. Mutumin da ko akuya bai taɓa ja zuwa kasuwa ba! Wai a ƙasashen Turawa an koma wa irin wannan wasan gida, saboda haka namu ma ya zama abin arziki. Da ba su koma ba, da har yau tsumma ne. Ya ce a kai kwalin lakwal, makarantar boko, ranar bikin ƙarshen shekara, gwaggo ta yi wa yara wasa.

Ban taɓa ganin murnarta irin ta makon nan ba. Har bayan ɗaki take zuwa tana gwada tarin saniya.

"Ɗiyata," ta ce mini, "in yi shi ko sau guda gaban yara kahin in tahi."

Da ɗan wana ya nemi kwalin don ya goge ƙura, sai ta rungume abinta. Ni ce mai dogon baki. Na ce, "Ba shi mana, gwaggo, ai mai ilimi ne."

Ranar biki muka tarar da kwali a kan tebur biyu ya sha fenti, ga gilashi a gaba, ga bayani da Faransanci. Manya sai ɗaukar hoto suke, kowa yana gyaɗa kai kamar ya san abin. Na kamo hannun gwaggo na zaunar da ita a baya. Ta yi sallamar dillali, murya ras kamar ta da. Ta zura hannu a ƙasa, ta laluba, ta sake lalubawa.

"Ina karan?"

"Na yanke su, kaka, suna ɓata hoto. Na liƙe kowa wurinshi, kar su hwaɗi."

Ɗan wana yana murmushi ya faɗa, yana jiran a sa masa albarka. Duk karatun nan bai sa ya tambayi kansa me kara yake yi a cikin saniya ba.

Gwaggo ta daɗe hannunta na ƙarƙashin kwali.

"To, kasuwa ta tashi," ta ce. "Kai ni gida."

Aka yi ta tafi, sun ɗauka wasan ke nan.

Kwalin yana can ofishin daraktan lakwal, ba mai motsi a cikinsa. Idon gwaggo ba zai iya haɗa wani ba. Ba ta taɓa zagin jikan nata ba, ni nake yi a madadinta, da ƙarfi kuma, don kowa ya san wa ke da laifi.

Rannan ina shara a ƙofar ɗakinta na ji ta ita kaɗai tana muryar bunsuru: "Ba shi mana, gwaggo, ai mai ilimi ne."

Muryata ce sak.