Alƙalin Kasuwar Gummi

'Yan wasan kwaikwayo daga Sakkwato suna wasa a bakin kasuwar Gummi, kuma mai fitowa a alƙali makaho ne na gaske. Hamsatu mai fura ba ta san shi ba. Dogo ne, ya sha rawani, tafin hannunsa duk kanta. Wataƙila igiya yake tuƙawa in ba wasa.

Ita kuwa ba ta iya wuce makaho hannu wofi. Ana tsakiyar shari'a ta ratsa taro, ta ajiye masa curin fura a cinya.

"Sadaka, Malam."

Ya shafa, ya sunsuna, ko murmushi bai yi ba.

"Magatakarda, rubuta. An kawo ma kotu toshiyar baki. Kuma babu nono."