Hotunan Gawon Arkilla

A shekarun da soja ke mulki, arzikin mai ya fara shigowa, abokan aikina a ofis kowa ya sayi babur ko rediyo mai kaset. Ni kyamara na saya. Kowace Asabar bayan sallar asuba nakan fito daga gidanmu a Runjin Sambo, in taka da ƙafa har Arkilla, wadda a lokacin gonaki ne da burtali.

Akwai wani gawo a bakin wani ɗan tafki can. Shi na ɗauki shekara guda ina yi wa hoto daga kan dutse ɗaya. Da bazara na ɗauke shi kore shar, shanu kwance a inuwarsa, tafkin ya bushe ya tsattsage. Da ruwa ya sauka ya zubar da ganye kamar yadda gawo ke yi, shamuwa suka zauna a kan rassansa. Na ɗauke shi bado ya rufe ruwan, na ɗauke shi da kaka an jingina masa dammunan gero. Wata rana sai da na kwanta cikin taɓo kafin in samu gauraka biyu suna rawa a gindinsa.

Ban wanke ko ɗaya ba. Ina tara finafinan cikin gwangwani a bayan randa saboda sanyi, so nake in ga shekarar gaba ɗaya a jere. Da ta cika, na kai su shagon wani mai wankin hoto a Ƙofar Taramniya. Shagon cike yake da masu son a ɗauke su jingine da sabuwar mota.

Ranar da na koma karɓa, ya miƙo mini ambulan shafal. Hoto ɗaya ne a ciki.

Na ce, "Malam, ina sauran?"

Ya ce, "Ai sauran duk sun ɓaci. Ba kowa cikinsu, icce ne da ruwa."

"Iccen nika ɗauka!"

Ya yi dariya, ya juya ga masu jira. "Ku ji hwa, wai icce shika ɗauka. Iccen ya ce maka zai yi aure?"

Suka kwashe da dariya. Na ce to ya ba ni finafinaina, in kai wani wuri. Ya nuna bayan shago da haɓa, ya ce an share an ƙone da shara, don kada su cika masa wuri. Ya ma ƙara da cewa taimakona ya yi, bai ɓata mini takarda a banza ba.

Na buga hannu a kan kantarsa har gilashin ya tsage, na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Wani soja da ke jiran hotonsa ya riƙe mini wuyan riga ya tura ni waje, ya ce in na sake ɗaga murya a bariki zan kwana.

A bakin titi na duba hoton da ya rage. Na wani tsoho ne da ke noma gonar kusa da tafkin, wanda ya gitta ta gabana wata rana da galma a kafaɗa. Hoton ma mai shagon ya yanke shi gefe da gefe, ya ƙara girman fuskar, ko reshe ɗaya bai bari ba.

Na yi niyyar sake shekarar daga farko. Kafin damina ta zagayo, masu awo sun kafa turaku a wurin, katafila ta cike tafkin, aka sare gawon don gina gidajen ma'aikata. Na kai wa tsohon hotonsa, ya yi ta godiya yana nuna wa iyalinsa.

Mai shagon ya daɗe da rasuwa, na kuma je jana'izarsa don unguwa ta haɗa mu da danginsa. Na yi masa addu'a kamar kowa. Amma har yau in na tuna dariyar nan, abinci ba ya shiga mini.