Noti huɗu da na kwance a Jebel Ali

Ina kwance ƙarƙashin motata ina ɗaure noti huɗu na ƙafar gaba, sai na ji an taɓa takalmina. Baba Issaka ne, wani dattijo ɗan Kumasi da ke tuƙa babbar mota a wajen aikinmu a Jebel Ali, can ƙasar Larabawa.

Tsohuwar mota ce nake haɗawa don tseren 'yan sha'awa na ranar Asabar. Har birkinta na baya irin na da ne, mai kamar ganga.

Ya ce, "Ɗana, a kan jak kake ɗaurewa?"

Na ce, "Eh, Baba, na ma kusa gamawa."

"Kwance su. Sauke ta ƙasa ta zauna da nauyinta, sannan ka ɗaure. Idan ka matse robar bushin motar tana rataye, kana saukewa robar za ta murɗe. Ka sha kwana mai tsanani sau ɗaya, khalas, shi ke nan, ta yage, sitiyari ya ƙi jin maganarka."

Ban yi musu ba. Na kwance duka huɗun, na sake ɗaurewa a ƙasa.

Ranar Asabar ni ne na bakwai cikin tara, amma da ƙafata na fito daga motar.

Ku makanikai, haka aka koya muku, ko sai da roba ta yage?