Ƙyalƙyali a Idon Mai Gyaran Agogo

In sauƙaƙa wa mai karatu tun daga farko: idan yana neman wawan wannan labari, kada ya wahalar da kansa, ni ne. Kuma wawa mai furfura, wanda ya ɗan leƙa lekol, makarantar boko, a zamaninsa kafin mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi.

Sana'ata gyaran agogo. Ina da ɗan tebur mai gilashi a wani lungu bayan Adjamé Mairie, tsakanin mai sayar da tabarmin salla da wani Bajule mai ɗinkin takalmi. Tun ina saurayi nake wurin. Yanzu da kowa ke duba lokaci a waya, aikin ya koma sauya batir da ɗaura maɗauri, amma mai wucewa yakan tsaya mu gaisa, mai rigima da surukinsa ya kawo ƙara, a kawo shayi a sha. In aka raba ni da teburin nan, ban san inda zan ajiye kaina da safe ba.

Babban ɗana yana aiki a Faransa. Kowace Lahadi bayan la'asar yakan kira mu a wayar da ake ganin fuska, mu zauna ni da matata Hajiya a kan tabarma a gidanmu na unguwar Liberté, tana riƙe da wayar. To shekarun da na yi ina maƙala gilashin ƙara gani a ido sun bar mini jakunkuna biyu a ƙarƙashin idanu, kumburarru, masu duhu. Ni ban taɓa damuwa da su ba. Shi kuwa su kaɗai yake gani.

“Baba, dubi idanunka. Ka gaji. Ka rufe teburin nan ka huta, duk abin da ake buƙata ni zan yi.”

Nakan ce masa hasken wayar ne. Amma maganar tana ta ƙara nauyi, har ya ce da zarar an yi salla ƙarama zai sa a ɗauko teburin a kawo gida. Ɗa ne mai biyayya, shi ya sa ban iya musu da shi.

Muna tare da jikata, 'yar babbar 'yata, yarinyar tana aiki a wani kanti a Filato. Hausarta rabi Faransanci ce, kuma tun tana ƙarama take kirana angonta don tsokana. Wata safiya na buɗe firigo, wato firji, neman ruwa, sai na ga wani ɗan abu kamar jan-baki a kwance kusa da robobin bisap, zoɓon da Hajiya ke haɗawa. Na tambaye ta me jan-baki yake yi a cikin sanyi.

“Angona, ba jan-baki ba ne. Man ido ne. A murɗa gindinsa ya fito, a goga a ƙarƙashin ido da safe, kumburi ya sauka. Kuma ba tsada, kamar ka ci garba ne kai da abokinka.”

Garba shi ne acheke, dambun rogo, da soyayyen kifi da muke ci a bakin hanya. Na yi mata wa'azi mai tsawo a kan 'yan zamani da ba su yarda da fuskar da Allah ya ba su ba. Tana fita aiki na koma firigo.

Gaskiya abin yana da daɗi. Sanyi ne ke ratsa fatar, kamar an ɗora maka bayan cokali. Na duba madubi, na ga jakunkunan sun ɗan saki. Amma mutum mai daraja ba ya rayuwa a kan kayan jikarsa, ga shi tana lura da abinta. Na yanke shawarar sayen nawa. A Adjamé kuwa ba zai yiwu ba, domin babu mai kanti da ban taɓa buɗe masa bayan agogo ba. Sai na hau woro-woro, tasin haɗaka, na haye gada zuwa Treichville, inda nake zaton ba a san ni ba.

A kasuwa na samu wata mata mai teburin kayan shafe-shafe, ta jera sandunan nan kala-kala a cikin kwali. Na gyara murya na ce na madam ne. Ta dube ni, ta kira ni kawu da Faransanci.

“Tonton, madam ɗin mai zaman gida ce, ko mai fita biki?”

Nan ne girman kai ya kama ni. Na ce babu wani biki ko suna da ake yi a Adjamé ba tare da ita ba, manyan mata ma bayanta suke zama. Matar ta gyaɗa kai, ta ture fararen gefe, ta ciro wani mai murfi ruwan zinariya. Akwai rubutu a jikinsa, amma ƙanana ne, kuma ni ba na ciro gilashina a gaban mata. Na biya na soke shi a aljihu tare da carbi.

Ranar Lahadi, ana idar da la'asar, na shige ɗaki. Ɗakin ba haske sosai, ban kuma tsaya neman madubi ba. Na goga, na sake gogawa, na ƙara na uku don yaron nan ya tabbatar ubansa yana da sauran ƙarfi. Na fito na zauna daidai lokacin da wayar ta yi ƙara.

Hajiya ta dube ni, ta sake dubana. Ta juya wayar ta saita ta a fuskata, rana kuma tana dukana ta gefen zaure.

Yaron ya gaishe mu, ya fara maganar mai motar da zai ɗauko teburin, sai ya tsaya. Ya matso da fuskarsa.

“Baba, kuka ka yi?”

Na dubi ɗan hotona a kusurwar wayar. Ƙarƙashin idanuna yana walƙiya kamar ruwan lagin, tafkin garin nan, da hantsi. Ashe irin na amare aka ba ni, mai ƙyalƙyali. Na so in yi bayani, amma ta ina dattijo zai fara? Sai na sunkuyar da kai.

Ya ja fuskarsa baya. Da ya yi magana, muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake yaro yana zama a gefen teburin yana miƙo mini ƙananan sukurori.

“Saboda teburin ne? Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ni na ɗauka wahala kake sha a wurin.”

Na ce wahala akwai, amma a can mutanena suke. Daga nan ni kaina ba zan rantse cewa duk ƙyallin na man ba ne.

Muka daidaita. Tebur yana nan inda yake. Zan riƙa tashi daga aiki da azahar, in je likitan ido ya duba ni, kuma zai aiko mini da fitila mai kyau ta aiki. Jikata, wadda ashe tana bayan labule tana cusa gyale a baki don danne dariya, ta karɓe na zinariyar ta ba ni farinta. Shi nake gogawa kowace safiya yanzu, a fili, kafin in sa hula. Bajulen maƙwabcina har ya tambaye ni inda ake samu, wai na madam.

Amma a ranar, bayan an kashe wayar, sai na miƙe ƙafa na ce wa Hajiya ta shaida, dabarar manya daban take, abin da aka yi watanni ana ja na warware shi da ɗan sanda guda.

Tana naɗe tabarma, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Alhaji, Allah ya ba ka baki kana damun unguwa da shi tun safe har dare. Magana ɗaya da ya kamata ka faɗa wa ɗanka, sai da ka yi kwalliyar amarya ido ya roƙa maka.”