Injunan Yaya Rabi da Mutumin da Ya Kwashe Su

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Rabi makwancinta a Korgom. Duk sanda damina ta kawo kai nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in fasa, don abin da ke bakina ya wuce addu'a. Bana dai na daure.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Yamai, aka so riƙe ta can, ta ce gida za ta dawo. Aka ba ta koyar da lissafi a wani lise, makarantar sakandare, a Tasawa. Abin da ke ci mata rai tun muna yara shi ne ruwan farko: a yi ruwa, mutane su fita shuka, sannan sama ta ɗauke sati uku, iri ya mutu a ƙasa. Ta ce in aka haɗa awon ruwan ƙauyuka da hotunan tauraron ɗan Adam, lissafi zai iya nuna ko ruwan na shuka ne ko a dakata. Sai dai lissafin nauyi gare shi. Injin ordinater ɗaya kafin ya gama, lokacin shuka ya wuce.

Sai ta riƙa bin biro-biro na ma'aikatu tana roƙon tsofaffin injunan ordinater da aka jingine. Wasu ta ajiye a Tasawa, wasu a Mayahi, biyu a likitar garinmu, ɗan asibitin da akwai fano mai kama hasken rana. Ta rubuta wani tsari ta sa mashi suna Mai Rabo. Shi ke yanyanka aikin ƙanana, ya duba wane inji ke zaune banza, ya ba mai ƙarfi kaso babba, mai rauni ɗan kaɗan. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke a Mayahi ko rezon waya ya yanke, ba ya jira, sai ya karɓe kason ya miƙa ma wani. Na taɓa tambayarta me ya hana ta bar ma masu sauri aikin duka. Ta ce, "Sule, ka taɓa ganin an kori tsoho daga gayya? Ana ba shi kunyar da zai iya kaiwa ƙarshe." Cikin kwana biyu amsa ta fito, ta tura ma manoma a salula. Damina uku aka yi haka, har makiyayan wajen Kanan-Bakashe sun fara kiranta.

Mai kula da injunan Mayahi wani abokin aikinta ne, Mushe Illa, wato Malam Illa. Ya ci tuwo a gidanmu ba adadi, Innarmu "ɗana" take ce mashi. Da zazzaɓi ya ɗauke Yaya cikin kwana biyar, shi ya riƙe mani hannu a maƙabarta. Ranar sadakar bakwai ya ja ni gefe, idonsa ja, ya ce, "Ƙanena, ba ni injinta da littattafanta, kada aikin ya mutu tare da ita." Ni na shiga ɗakinta, ni na ɗauko, ni na ɗaura mashi a bayan babur.

Wata bai zagayo ba ya aiko mota ta kwashe sauran injunan, wai za a gyara su a Maraɗi. Daminar ta zo, saƙo bai zo ba. Na kira, ya ce in yi haƙuri. Daga baya ya daina ɗauka.

Bayan shekara biyu, ina shagona da hantsi, na ji muryarsa a rediyo. Yana bayanin wata fasaha da ya ƙirƙira, wadda ke raba aiki tsakanin injuna ko da kuran na yankewa, wani babban furoje na raya karkara a Yamai ya ɗauke shi a kanta. Ya canza mata suna zuwa Faransanci. Har maganar gayyar ya faɗa, kamar daga kansa ta fito. Na saurara har ƙarshe ina jiran sunanta. Bai ambata ba.

Sau ɗaya muka haɗu tun sannan, wurin wani ɗaurin aure a Tasawa. Na ce, "Mushe, ina sunan Rabi?" Ya duba hagu da dama, ya rage murya: "Sule, su mai rai suke nema, wanda zai sa hannu a takarda. Ka san yadda abin yake." Na ce to manoman fa? Ya ce wannan sai an samu hali.

Yanzu ko'ina maganar injuna masu tunani ake, ana yabon manyan ɗakunan da dubban injuna ke aiki tare. Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce. Na san halinta, zancen suna ba zai hana ta barci ba. Abin da za ta fara tambaya shi ne sau nawa Kawu Bala, ƙanen Innarmu, ya yi shuka bana. Sau uku, Yaya. Na ukun da hatsin da ya ajiye don ci.

Inna ta ce in yafe, kafin ita ma ta bi ɗiyarta. Ina ƙoƙari. Nasa laifin ban gama yafewa ba, nawa ma haka.

Abin da ya saura mana ba yawa. Ɗalibanta suna nan, wasu sun zama malamai, in mun haɗu su ce Madam Rabi ce ta sa suka daina tsoron lissafi. Akwai kuma ɗiyarta Nana, da take goye lokacin da aka fara aikin, yanzu tana kolaj. Kwanan baya ta tambaye ni, "Kawu, wai me Mamana ta yi da mutane ke ta faɗi?" Na buɗe baki, na ga ba ni da ko takarda guda da zan nuna mata.

To ga takarda, Nana. Sunanta Rabi'atu, ƴar Korgom. Ita ta rubuta Mai Rabo, da hannunta, ina gani. Allah ya jiƙanta.