Motar Yaya Muntari da Ba Ta Shan Mai

Wata Asabar ce da hantsi, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya dawo daga tashar Argungu ya zauna a kan turmi ko hula bai cire ba. Albasarmu tana jibge a zaure cikin buhuna tun da muka kwaso ta daga fadama, ana jiran motar da za ta kai ta kasuwa, ranar ma direban ya ce babu mai. Layin gidan mai ya miƙe har ya sha kwana, masu sayarwa a galan kuma sun ɓoye nasu. Zafi ya fara dafa albasar, warinta ya cika gida, kullum da safe kafin makaranta ni da ƙannena muke zazzage buhu, mu tsince ruɓaɓɓu mu kai juji. Ko mu yara mun san abincin shekararmu ne muke zubarwa da hannunmu.

Yaya Muntari, wanda nake bi, shi abin ya fi ci wa rai. Dama yaro ne da ba ya zama wuri ɗaya, ko tuwo a tsaye yake ci. Ya yi ta kai da kawowa tsakanin zaure da bakin titi, can sai ya tsaya gaban Baba ya ce, "Mota na nan, hanya na nan, direba na nan, amma ɗan ruwa guda ya tsai da kowa. Ni sai na ƙera wadda ba ta shan mai." Baba bai ɗaga kai ba, ya ce masa, "Tahi ka ba awaki ruwa."

Ya ba awaki ruwa, amma maganar ba ta bar shi ba. Duk yaran unguwarmu sun iya motar kara, ta Yaya ce ta zo da sabon abu. Ya roƙi Baba tsohuwar rediyon kaset ɗinsa da ta daɗe da mutuwa, ya kwance ɗan injin da ke juya kaset, ya yanka tayoyi daga silifas ɗina da ya tsinke, ya ɗaure injin da danƙo a ƙarƙashin gwangwanin madara. Ni ce mai neman batir. Na bi maƙwabta ina karɓar waɗanda tocila ta gaji da su, ina shanya su a rana don su ɗan farfaɗo. Na ƙona miya saboda aikin nan, na sha faɗa wurin Inna.

Da yamma idan an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai Yaya ya fara bayanin babbar, wadda zai ƙera in ya girma, kowa kuma ya sa baki. Baba, da ya fara da tsaki, shi ya ce dole ƙafafunta su yi tsawo, don motar da ke tsoron laka ba ta da amfani a fadama. Kakarmu Hajjo ta ce a sa mata matakala saboda gwiwa, kuma in dai ba ta hayaƙin nan mai tayar da zuciya, ita ce ta farko da za ta shiga. Ni na ce tunda wuta ba ta zama a garinmu, a lulluɓe rufinta da farantin sola irin na rijiyar burtsatse, ta riƙa shan rana tana tafiya. Yaya ya ce bayanta buɗe zai zama, buhu a ranar kasuwa, benci a ranar biki, kuma batirinta a iya ciro shi a kai gona ya ja ruwa. Inna ta ɗora da cewa in ta fi kuɗin shanun huɗa, to ba tamu ba ce.

Ƙaramar kuwa ta tashi. Ta fita daga ƙofar kicin tana zuuu kamar zuma, ta kori kaji, ta ratsa tsakar gida har gindin rijiya, nan batirin ya mace. Baba ya yi dariya, karon farko tun farkon wahalar. Amma lokacin da mai ya samu, yawancin albasar ta riga ta tafi juji. Damina na faɗuwa aka cire Yaya daga makaranta, aka kai shi garejin wani abokin Baba a Birnin Kebbi. Ni aka bari na ci gaba.

Yau ina koyarwa a firamare, shi kuma yana jan Keke mai ƙafa uku a Birnin Kebbi, tsakanin unguwar Gesse da kasuwa, furfura ta fito masa a gemu, har yanzu yana bin layin mai. In na kai masa ziyara sai ya jawo waya ya nuna mini motocin lantarkin da ake ƙerawa a ƙasashen waje, sumul-sumul, cikinsu kamar zai shafi ƙasa, ya ce, "Wagga ko garin Augie ba ta kai ki da damina." Sai ya miƙe tsaye ya hau gyara musu ita da baki, yana auna tsayi da hannu, ƙafarsa tana rawa kamar dā. Baba da Hajjo sun rasu, tabarmar tsakar gida ta watse, saura ni kaɗai mai saurarensa. A dā in yana magana ji nake gobe za mu shiga. Yanzu addu'ata kawai ita ce motar ta iso yana da sauran ƙarfin tuƙa ta.