Gorar Baffa da Ƙuguna na Hagu

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba. Masu cigiyata, ina nan lafiya. Yau zan faɗi abin da na yi kusan shekara talatin ina kauce wa faɗa: dalilin ɗingishina. Har yanzu in na tuna haushi nake ji, kuma yawancin haushin na kaina ne.

A farkon shekarun casa'in ina malamin gona a Rogo. Wata rana da damina ina dawowa daga Zoza a babur, taya ta zame a laka, na faɗi ta hagu, babur ɗin ya danne ni.

Wajen mai ɗori aka fara kai ni. Ya ja, ya murɗa, ya ce targaɗe ne. Sati biyu ina kwance, ko juyi ba na iya yi. Matata Rabi ce ta tsaya kai da fata sai an kai ni Kano.

Hoto ya nuna ƙashin cinya ya karye daidai inda yake shiga ƙugu. Aka yi aiki, aka sa ƙusoshi. Baffana, ƙanen mahaifina, sa guda ya sayar daga cikin shanunsa aka biya.

Kafin sallama, matar da ke koya wa masu karaya tafiya ta ba ni sandunan hammata biyu.

“Malam, biyun za ka riƙe har wata uku. Ƙafar nan taɓa ƙasa kawai za ta yi, ban da ɗora nauyi. Mu za mu ce ka ajiye ɗaya. Wadda ta rage kuma a hannun dama za ka riƙe ta.”

Na ce na ji.

Da na koma gida, duk wanda ya zo dubiya sai ya zama likita. Wannan ya ce man shanu, wancan ya ce sassaƙe. Wani cewa ya yi zama ne ke kashe ƙafa. Hammatata ta yi kanta, tafin hannuna ya yi bororo, ga kallon mutane a hanyar masallaci.

Sai Baffa ya zo. Ya dubi sandunan ya ce, “Haruna, kai gurgu ne? Ni saniya ta taɓa take ni, da gorar nan na miƙe.” Ya ajiye mini gorarsa ta kiwo.

Bayan ya tafi Rabi ta ce, “Malam, ba haka matar asibiti ta ce ba.”

Na ce, “Matar asibitin ce ta sayar da sa?”



Sati biyar da yin aiki na jingine sandunan a bayan ƙofa. Gorar kuwa a hagu na riƙe ta, don a ganina ɓangaren ciwo ne ke son tallafi. Ranar kasuwa na taka har rumfunan gyaɗa. Ana ta cewa masha Allahu, Malam ya warke. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Washegari har gona na je.

Ba a rufa sati biyu ba zogi ya dawo a matsematsina. Na ɓoye. Ran nan na gama alwalar azahar, na yunƙura, na kasa tashi.

Muka koma Kano a bas, kowane rami ina jin sa har ƙwaƙwalwa. Hoto ya nuna ƙusa ɗaya ta goce, ƙashin ya zauna a karkace. Likita ya ce sai an sake aiki, kuma ba zai yi mini alkawarin zan sake takawa ba. A nan tsoro ya kama ni sosai. 'Ya'yana uku, babbar ba ta gama firamare ba.

Matar nan da ta ba ni sanduna ta zo ta tsaya a kaina.

“Ina sandunanka?”

Rabi ta ce, “Suna bayan ƙofa.”

“Gorar a wane hannu?”

Na ce hagu.

Ta girgiza kai. “Sanda a dama tana rage wa ƙugun hagu nauyi. Kai kuwa a kan ciwon kake ta kwantawa, taku bayan taku.”

Aiki na biyu ya ci mini wata bakwai. Wannan karon na bi doka: sanda biyu, sannan ɗaya a dama, sannan ba ko ɗaya. Ƙafar ta warke amma ta gajarce, har yau sai mai gyaran takalmi ya ƙara mini dunduniya.

Baffa da ya zo gaishe ni cewa ya yi, “Ai da ka haɗa da man shanun.” Allah ya jiƙansa, har ya rasu bai yarda gorar ce ba.

Alhamdu lillahi, ina takawa. Na gode wa matar nan da ban ma riƙe sunanta ba. Rabi kuwa ta yi jinya sau biyu, ba ta taɓa ce mini “ai na faɗa maka” ba. Allah ya saka mata.

Wanda aka yi wa aikin ƙugu: kada ka ajiye sanda sai wanda ya ba ka ita ya ce. In ɗaya ce, riƙe ta a ɓangaren lafiya. In zogi ya dawo, faɗa a ranar.

Mai zuwa dubiya kuma, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka sha ruwa, ka tafi gida.